Tambayoyinku: Mun yi feshi har mun gaji, me ya sa ƙwari ba su bar mana ciyawa ba?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka fi yawa duk kan ciyawar ado ne, ta tsakar gida da ta filin ƙwallo da ta harabar makaranta, kuma kusan kukan kowa ɗaya ne, an kashe kuɗi an sayi magani an fesa amma ƙwari suna nan daram. Na zaɓo guda shida. Sunayen sinadaran zan rubuta su yadda suke a jikin kwalba don ku gane su idan kun je shago.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina da ciyawar kiri-kiri a gaban gida, wadda masu fulawa ke kira Bahama, na yi shekara biyu ina wahala da ita har ta yi kyau. Cikin watan Agusta kawai muka wayi gari gefe ɗaya ya koma ruwan ƙasa sai ka ce wuta aka sa, kafin kwana uku abin ya ci rabin filin. Gadina ya fesa cypermethrin da rana amma bai tsaya ba. Don Allah mene ne wannan? Daga wata Hajiya a Kaduna.

Amsa: Hajiya sannu da haƙuri, na san zafin abin. Yadda kika faɗa, saurin nan da kuma lokacin, ya fi kama da aikin tsutsar nan da ta addabi manoman masara, wadda ake kira fall armyworm da Turanci, wadda ta fito daga nahiyar Amurka aka fara ganinta a Afirka a farkon 2016, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da aka fara tabbatar da ita. Mutane sun ɗauka masara kaɗai take ci, a'a, kiri-kiri na cikin abincin da ta fi so, a can Amurka ma a 2021 ta yi wa ciyawar gidaje da filayen wasa mummunar ɓarna a jihohi da dama.

Amma kafin ki sake sayen komai ki tabbatar tukuna. Ki samu bokiti ki zuba ruwa lita 4, ki sa cokali biyu na sabulun ruwa na wanke-wanke, ki dama a hankali, sai a zuba a wuri mai faɗin mita ɗaya a daidai bakin inda kore ya haɗu da busasshe, ba tsakiyar inda ya riga ya mutu ba don sun bar can tuni. Ki tsaya ki zuba ido minti biyar zuwa goma. Idan su ne za ki ga suna fitowa suna murɗe-murɗe, ki ɗauki babba ki duba, a goshinta akwai alamar harafin Y a kife, can kusa da ƙarshen jikinta kuma ɗigo huɗu baƙaƙe sun yi murabba'i.

To shin magani na kashe ta? Yana kashewa sosai, gaskiya ma cikin duk ƙwarin ciyawa ita ce mafi sauƙin samu saboda a kan ganye take, ba a ƙarƙashin ƙasa ba. Matsalar biyu ce. Na ɗaya girma. Tana ƙarama cin ta kaɗan ne ba ma ki lura ba, mafi yawan abin da za ta ci a rayuwarta a kwanakin ƙarshe take cin sa idan ta kai kusan santimita 3 zuwa 4, shi ya sa kuka ga kamar dare ɗaya abin ya faru alhali ta kwan biyu a wurin, kuma a wannan girman ne magani ya fi yi mata wuya, musamman irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin da an daɗe ana dukanta da su har ta fara jurewa a wurare da yawa. Na biyu lokaci. Da rana tsaka tana sauka ta lafe a gindin ciyawa, sai da yamma da dare da sassafe take hawowa ci, to gadina ya fesa rana na tsakiya, maganin ya bushe a kan ganye rana ta dake shi, ita kuma tana ƙasa.

Abin da zan ce a yi, a yanke ciyawar a kwashe, a ɗan ba ta ruwa da safe, sai bayan la'asar sakaliya a fesa maganin da ke da emamectin benzoate ko chlorantraniliprole, kada a ba ta ruwa kuma kada a yanke har kwana ɗaya zuwa biyu, don ana so ta ci ganyen da maganin a jiki. A duba sama ma, idan hadari ya haɗu a bari. Emamectin yana sa ta daina ci cikin awoyi ko da ba ta mutu nan take ba, saboda haka kada ki ga suna motsi washegari ki ce bai yi ba. Shi kuma chlorantraniliprole ya fi daɗewa a jikin ciyawa, yana iya tsare ta makonni, kuma wannan na da amfani don cikin zafi wata ɗaya kacal ya ishi tsutsar ta zama malam-buɗe-littafin dare ta sake zuba ƙwai.

Kuma kada ki sa a tone ciyawar. Kiri-kiri tana da jijiyoyi masu rarrafe a sama da ƙarƙashin ƙasa, ganye kawai aka cinye, da ruwa da ɗan taki in sha Allah cikin makonni kaɗan za ki ga ta tofo.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ne mai kula da filin ƙwallon wata makaranta. Ciyawa na bushewa faci-faci duk da muna ba ta ruwa, idan ka kama ka ja sai ta taso gaba ɗaya babu saiwa, a ƙasa kuma ga wasu fararen tsutsotsi masu jan kai sun lanƙwashe, kamar gwazarma amma ba su kai ta girma ba. Mun fesa lambda-cyhalothrin har sau uku ko gezau. Shugaban makaranta na ganin ko kuɗin nake ci. Anya ba jabun magani aka sayar min ba? Daga wani ɗan'uwa a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa ka kwantar da hankalinka, kuma ka kai wa shugaban wannan shafin ya karanta, domin ko da maganinka na asali ne daga kamfani ba zai yi wannan aikin ba. Waɗannan tsutsotsin 'ya'yan wasu ƙwari ne dangin buzuzu, waɗanda ke fitowa da ruwan farko suna dukan fitila da daddare, su zuba ƙwai a ƙasa mai danshi, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su zauna ƙasa da 'yan santimita suna cin saiwa, shi ya sa ciyawar ke naɗewa kamar tabarma idan ka ja. Shi kuwa lambda-cyhalothrin da 'yan'uwansa irin su cypermethrin da deltamethrin da bifenthrin suna manne wa ganye da matacciyar ciyawar da ta taru a gindi, ba sa gangarawa inda tsutsar take. Ko sau goma ka fesa a sama zai tsaya. Chlorpyrifos ma da mutane ke gudu gare shi yana da wannan halin na maƙalewa a tarin busasshiyar ciyawa.

Masana ƙwari na jami'ar jihar Michigan a Amurka sun daɗe suna gwada magungunan nan a kan ciyawa, kuma abin da suke gaya wa masu gidaje a can ya kamata mu ji. Magungunan rigakafi masu imidacloprid ko thiamethoxam ko clothianidin, idan an sa su a kan lokaci wato dab da ƙyanƙyasar ƙwai, aka bi su da ruwa nan take, suna rage tsutsar da kashi 75 zuwa 100 cikin ɗari. Amma idan aka bari ta girma aka zo da masu kashewa nan take, carbaryl ko trichlorfon, abin da ake samu kashi 20 zuwa 80 ne, idan aka ƙara makara ya sauka zuwa 20 zuwa 55. Ka ga tazarar. Su a can lokacin sa rigakafin Yuni da Yuli ne saboda yanayin ƙwarinsu, mu a nan kada mu haddace watanninsu, mu bi damina, idan ruwa ya sauka ka ga ƙwarin sun cika gindin fitila to nan da makonni kaɗan ƙwai za su fara fashewa, wannan ne lokacinka.

Sai maganar ruwa, nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Ana so bayan an sa maganin a bi shi da ruwa kusan milimita 12, ma'ana lita 12 a kowace murabba'in mita. Mai ɗan fili na mita 10 sau 10 lita 1,200 ke nan, duro shida na lita 200. Kai mai filin ƙwallo, idan cikakke ne mita 105 sau 68, murabba'in mita 7,140 ke nan, ruwan da kake buƙata ya haura lita 85,000, wanda na san ba makarantar da za ta ja maka wannan da tiyo ɗaya. To dabara ita ce ka sa maganin lokacin da hadari ya haɗu kana kyautata zaton za a yi ruwa a ranar, ko kuma ka bi facin da abin ya shafa kawai da kewayensu, ka jiƙa su sosai. Kafin nan ka sa manjagara ka kakkaɓe matacciyar ciyawar idan ta yi kauri, kuma ƙasar ta kasance da danshi tun kafin feshin, don idan ta bushe tsutsar na ƙara nutsewa ƙasa.

Kuma ba duk tsutsar da ka gani ce ta isa a sayo mata magani ba. Ka sa shebur ka yanka murabba'i mai santimita 30 kowane gefe, ka ɗaga ka ƙirga, ka yi haka a wurare da dama. Idan ɗaya ce ko biyu ko uku ciyawa mai lafiya za ta ɗauka, sai ta kai biyar zuwa goma ake fara maganar magani. Ita kuma babbar gwazarmar nan ta cikin juji da takin shanu yawanci ruɓaɓɓen abu take ci, amma duk da haka ka daina zuba ɗanyen taki a fili da farkon damina, yana jawo ƙwarin su zo zuba ƙwai, ka bari ya ruɓe tukuna.

Na bana dai, tunda sun riga sun girma, ka yi abin da za ka iya, ka ɗaga facin da suka mutu ka tsince su da hannu ko ka bar kaji su yi maka aikin kafin ka sa wani magani, ka dasa sabuwa ka danne ta da kyau. Baɗi ka riga su.

Tambaya: Malam gara ta hana ni sakat. Da rani sai in ga ta lulluɓe ciyawar da ƙasa, in ka kankare sai ka ga ta cinye. Duk wata nake zuba chlorpyrifos, ta ɓace kwana kaɗan ta dawo. Wani ya ce in jefa ƙwayar bom ta ajiyar wake a ramukan. Me ka gani? Daga wani Alhaji a Kano.

Amsa: Alhaji Allah ya ƙara lafiya, zan fara da ƙwayar bom ɗin don ita ta fi tayar min da hankali. Don Allah kada ka yi. Wannan ƙwayar aluminium phosphide ce, da ta ji danshi take sakin iskar phosphine, iskar na bin ramuka da tsagewar gini ta shiga ɗaki, ta kashe mutane suna barci, kuma babu wani maganin da ke karya dafinta a asibiti. An yi ta ne don rumbu ko sito da aka rufe ruf, a hannun wanda ya san aikin. Tsakar gidan da iyali ke kwana ba wurinta ba ne.

Ita gara kuwa, abin da kake kashewa duk wata ma'aikata ne da suka fito neman abinci. Uwar tana can ƙasa, wani lokacin ma gidan nasu ba a cikin filinka yake ba, yana bayan katanga ko ƙarƙashin wani tsohon kututture, kuma a manyan nau'o'in da ke gina suri uwar na zuba ƙwai dubbai a rana guda. Wasu nau'in ma ba sa gina suri sam, ɗakunansu a warwatse suke a ƙasa. To ka kashe dubu yau, gobe an maye gurbinsu. Shi ya sa nake cewa a kan gara, maganin feshi na sama yana ba ka hutu ne na ɗan lokaci, ba ya raba ka da ita.

Wanda ya fi yin tasiri shi ne irin da gara ba ta jin warinsa balle ta kauce masa, wato fipronil ko imidacloprid, tana bi ta cikin ƙasar da aka jiƙa da shi ta kwasa a jiki, ba ta mutuwa nan take, ta koma gida ta shafa wa sauran wajen lasar juna da ciyar da juna. Yana ɗaukar kwanaki ko makonni kafin ka ga bambanci, amma ya fi daɗewa. A kankare ƙasar da suka lulluɓa, a jiƙa wurin da maganin sosai ya shiga ƙasa, idan akwai suri a kusa a fasa shi a zuba a ciki. Sai dai fipronil na da haɗari ga kifi da ƙudan zuma da zomaye da tsuntsaye irin su zabi da fakara, idan kana kiwon waɗannan ka killace su.

Chlorpyrifos ɗin nan da kake zubawa duk wata ina roƙonka ka daina. A Amurka tun shekarar 2000 aka cimma matsayar janye shi daga amfanin gidaje saboda illarsa ga ƙwaƙwalwar yara, Tarayyar Turai kuma ta hana shi gaba ɗaya a 2020. Wurin da jikoki ke birgima bai dace da shi ba.

Wani abu kuma da nake so ka lura, gara ta fi bin abin da ya bushe ko ya galabaita. Ciyawar da ke shan ƙishirwa a watan Maris da Afrilu na Kano, ga tarin busasshen ganye a gindinta, ita ke kiran gara. Ka riƙa ba ta ruwa mai yawa ya nutse sau biyu ko uku a mako maimakon yayyafi kullum, a kwashe abin da aka yanke, a tone kututture da guntayen katakon da magina suka binne, za ka ga ko ba magani abin ya ragu.

Tambaya: Mai shagon da nake saye ya ce in haɗa kala uku a tanki ɗaya kuma in ninka awo, wai ƙwarin yanzu sun yi taurin kai. Haka ne? Daga wani matashi mai sana'ar gyaran fulawa a Abuja.

Amsa: Ƙanena ba haka ba ne. Taurin kan gaskiya ne, amma ninka awo da yawan maimaita magani ɗaya su ne ma suke haifar da shi, don duk feshi yana kashe raunana ya bar masu juriya su hayayyafa. A Florida ta Amurka an ga haka ƙarara, wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ciyawar gidaje ya bi magunguna ɗaya bayan ɗaya yana jure musu har da bifenthrin, saboda an dinga fesa abu guda shekara da shekaru.

Ka duba kwalaben nan uku, sau da yawa sunan kasuwa ne ya bambanta amma sinadarin gida ɗaya ne, domin an kasa magungunan ƙwari rukuni-rukuni bisa yadda suke kashewa, kowane rukuni da lambarsa. Cypermethrin da lambda-cyhalothrin da deltamethrin duk rukuni na 3A ne, chlorpyrifos da dichlorvos 1B, imidacloprid da thiamethoxam 4A, emamectin 6, chlorantraniliprole 28, fipronil 2B. Wasu kamfanonin na buga lambar a lebul. Abin da ake so, wannan karon ka yi da rukuni ɗaya, idan sabon zubi na ƙwarin ya zo bayan wata guda ka koma wani rukunin.

Awo kuma lissafi ne mai sauƙi. Yawancin magungunan da ke kasuwarmu na gona ne, awonsu a kan hekta yake, hekta kuwa murabba'in mita 10,000 ce. Fili mai mita 10 sau 10 kashi ɗaya cikin ɗari ne na hekta, idan lebul ya ce mililita 400 a hekta, kai mililita 4 kacal za ka sa, ka sayi sirinji don wannan aikin kaɗai ka daina awo da murfin kwalba. Ka fara cika injin feshinka da ruwa zalla ka bi filin ka ga lita nawa yake ci, sai ka zuba awon a wannan adadin ruwan. Ruwan ya zama mai tsabta, mai laka yana riƙe magani, mai kanwa-kanwa kuma yana lalata wasu da sauri musamman trichlorfon, kuma abin da ka haɗa ka fesa a ranar kada ya kwana a tanki. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka guji wanda aka ɗura a gorar ruwa ba suna.

Tambaya: Malam ina da yara ƙanana da ke wasa a ciyawar, ga kaji, ga ɗan tafkin kifi, ga ragon layya da muke ba shi ciyawar da aka yanke. Maigida ya ce a yayyafa fiya-fiya a huta. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Jos.

Amsa: 'Yar'uwa hankalinki ya yi daidai da bai kwanta ba. Fiya-fiya yawanci dichlorvos ne, yana tashi ya bi iska cikin sauri, to a fili ba zai daɗe ba balle ya kai ga abin da ke ƙasa, amma ga huhun yaro da fatarsa guba ce mai ƙarfi. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana ƙananan kwalabensa na aikin gona da sayar da su a kasuwanni da manyan shaguna saboda rayukan da ake asara. Ki gaya wa maigida cikin lalama, ba zai magance ƙwarin ba, haɗarin kawai zai bari.

Idan ya zama dole a yi feshi, a fara gano ƙwaron, a fesa inda yake kawai. A kwashe kayan wasa da kwanon ruwan kaji da shanya, a rufe tagogi, yara da dabbobi kada su taka sai ya bushe sarai, ni ina cewa a ba shi kwana guda cur, idan lebul ya faɗi fiye da haka a bi lebul. Tafkin kifin a rufe shi da leda kuma kada a wanke injin feshi kusa da shi, don dangin cypermethrin ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi. Ragon kuma a daina ba shi wannan ciyawar, a nemo masa harawa da dusa, naman nan ku za ku ci. Kaji ma haka, a 2017 miliyoyin ƙwai aka janye daga kasuwannin Turai saboda an samu fipronil a cikinsu, saboda haka kazar da kike cin ƙwanta kada ta yi kiwo inda aka zuba shi.

Idan akwai ƙananan furanni a cikin ciyawar a yanke su kafin a sa imidacloprid ko danginsa saboda ƙudan zuma, illar da suke musu ce ta sa Turai ta hana amfani da uku daga cikinsu a fili a 2018. Cikin waɗanda na lissafa chlorantraniliprole ne ya fi sauƙi ga mutane da zuma, ko da yake ya fi tsada.

Mai feshin ya sa doguwar riga da wando da takalmin roba da safar hannu, ya rufe hanci, ya ba iska baya, ya yi wanka da sabulu yana gamawa. Idan Allah ya kiyaye wani ya fara zubar da yawu, gumi, amai, jiri ko numfashi na yi masa wuya, a cire masa kayan a wanke jikinsa da ruwa da sabulu a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Kada a ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai da gangan, kwalbar ce za ta nuna wa likita allurar da ta dace.

Tambaya: Mu nan magani ya yi tsada. Ruwan 'ya'yan bedi yana aiki kuwa ko ɓata lokaci ne? Fara ce da tsutsa ke damun ɗan filin da muka shuka a harabar masallaci. Daga wani dattijo a Maraɗi.

Amsa: Baba Allah ya saka da alheri kan wannan hidima. Bedi, ko darbejiya kamar yadda muke cewa a nan, yana aiki, amma a san iyakarsa. A samu busassun 'ya'ya a ɓare, a daka ƙwayar, giram 50 a kowace lita ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe bakin injin, a ɗiga ɗan sabulu, a fesa da yamma. Ba ya kashewa nan take, yana hana su ci ne kuma ya hana tsutsa saɓa ta girma, don haka a kan ƙanana yake da ƙarfi, babbar da ta riga ta ƙoshi ba ya yi mata komai sosai. Rana na karya shi cikin kwanaki kaɗan, sai an maimaita duk mako muddin ana ganinsu. Ga gwazarmar ƙasa da gara kuwa kada ku dogara da shi.

Ita fara, tunda daga daji take shigowa, duk abin da kuka fesa na yau ne, gobe wasu za su zo, shi ya sa nome ciyawar da ke kewayen harabar da tsince su da sassafe lokacin da sanyi ya kama su ya fi muku araha a ƙaramin fili. Akwai kuma wani magani na naman gwari mai suna Green Muscle da shirin LUBILOSA ya samar, shirin da aka fara a 1989 kuma aka yi manyan gwaje-gwajensa a ƙasarku Nijar, fara da danginta kaɗai yake kamawa, ba ya taɓa mutum ko tsuntsu ko zuma, sai dai yana ɗaukar mako ɗaya zuwa uku kafin su mutu. Ku tambayi ma'aikatan kare tsirrai na jiharku ko ana samunsa. Abu ɗaya da zan ƙara Baba, idan wani ya fesa maganin kwalba a wurin, a sanar bayan sallah kada yara su kama farar nan su soya.